Ni ta Sama, Shi ta Ƙasa

Maigidana ya rasu da safiyar wata Laraba a wani asibiti a Abuja. Shekarun ne da garin ke ta cika da sababbin gine-gine, kowa bakinsa kwangila. Shi ma'aikacin gwamnatin tarayya ne, muna haya a Karu, ina da cikinmu na fari. Kafin in gama fahimtar abin da likita ya faɗa, yayansa ya riga ya yanke magana ta waya daga Kano: a kawo shi gida, a binne shi kusa da mahaifinsu.

Aka samo motar asibiti. Na nufi ƙofar baya zan shiga, ƙaninsa ya tare ni.

"Anti, ba za ki iya hanyar nan da cikin nan ba. Yaya ya ce ki bi jirgi."

Ban yi musu ba. Ranar ko tsakiyar titi aka ce in zauna, da na zauna.

Direban ofishinsu ne ya ɗauke ni. Tare muka fito daga asibitin, motar asibitin a gaba. A wata mahaɗa suka karya suka nufi hanyar Kaduna, mu muka miƙe ta Kuchigoro zuwa filin jirgi. Direban ba Bahaushe ba ne. Ya dube ni ta madubi ya ce, "Madam, oga mutum mai kyau ne. Allah ya jiƙanta." Na ce amin.

A cikin jirgi aka ba ni burodi da lemon kwali, na cinye tas. Na kusa da ni yana ta ba abokinsa labarin filin da ya saya a Lugbe. Na leƙa ta taga ko zan hango titi, ban ga komai ba sai gajimare. Ko awa ɗaya ba mu cika ba aka ce mu ɗaura bel, mun iso Kano.

Ƙanwar maigidana ce ta zo tarbata. Ta rungume ni tana kuka, ni kuwa ina kallon wata mai shara tana goge daɓe. Na kira ƙaninsa da ke cikin motar asibitin.

"Kuna ina?"

"Yanzu muka shigo Kaduna, Anti. Motoci sun cushe a bakin gada."

Sai na nemi kujera na zauna. Ƙanwar ta ce, "Anti, tashi mu tafi, gida ya cika, Hajiyarmu na jiranki."

Na ce, "Bari su matso tukuna."

Ban san abin da ya sa na faɗi haka ba. Na dai ji ba zan iya riga shi shiga gidansu ba. Ta dube ni, ta ajiye jakarta, ta zauna kusa da ni. Jirgin da ya kawo ni ya ɗebi wasu ya koma Abuja, muna nan. Muka yi azahar a masallacin wurin. Can aka kira aka ce sun wuce Zariya, sun tsaya shan mai. Da suka ce sun baro Kwanar Dangora har sun shigo gari, na miƙe da kaina.

Da muka isa muka tarar da motar a ƙofar gida, ƙura ta rufe gilashinta, an riga an shiga da shi. Bayan la'asar aka kai shi. Mata na ta shigowa suna yi mini gaisuwa, har da masu cewa sannu da hanya. Ina amsawa.

A Kano na yi takaba, a nan kuma na haihu. Sai da yarinyar ta fara zama na koma Karu kwashe kayanmu.