Fitilar Dashbod ɗin Baba

Shekaranjiya wayar dutsen guga ta ƙone mini, warin robar ya cika ɗaki. Sai na tsinci kaina a tsaye na kasa motsi, don warin garejin Laranto ke nan, inda Baba yake kai gingimarinsa gyara.

Tsohuwar mota ce, katako yake ɗauka da ita zuwa Bauchi, kuma ita ke ciyar da gidanmu a unguwar Ali Kazaure. A daminar da nake aji biyar ta fara ba shi wahala. Rediyon yana cikin magana sai ya ɗauke, sai ya bugi dashbod ya dawo. Fitilar da ke haska gejin mai da na zafin inji kuma, in ji shi, kullum ƙara dusashewa take.

Mai gyara masa wayoyin lantarkin motar wani dattijon Bayarabe ne, Kirista, sun fi shekara ashirin tare. Rediyon bai ba shi wuya ba. Ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya tarar wadda ke ɗaure a jikin ƙarfen motar ta yi tsatsa, ya kankare ya ɗaure, shi ke nan. Fitilar ce ta gagara. Ya canza fiyus, ya canza ƙwayayen fitilar, ya wanke kan batir, har makunnin ya sake. Duk da haka Baba sai ya dawo yana faɗa, wai tsufa ya kama abokinsa, aiki ya fi ƙarfinsa.

Wata Asabar Inna ta aike ni in kai masa abinci. Hadari ya haɗu, ga sanyin nan namu mai shiga ƙashi. Na tarar dattijon ya lulluɓe gilashin motar da tamfol don cikin ya yi duhu. Da ya gan ni sai ya ce in hau in zauna kusa da Baba. Ya kunna fitilar. Dashbod ɗin ya yi haske tar, kore shar, har ina ganin ƙurar da ke kan lambobin.

Baba ya ce, "Ka gani ko? Kamar garwashin da ya kusa mutuwa."

Dattijon ya juyo. Ya dube ni ya ce in faɗa wa Baba inda allurar mai take. Ni kuwa da zumuɗin yarinta na ce tana kan rabi, na karanto masa har ƙananan lambobin ƙasa, ina jiran a yaba mini.

Baba ya matso kusa da dashbod ɗin. Ya rufe ido ɗaya da tafin hannu, ya buɗe, ya rufe ɗayan.

"Uwata, da gaske kina ganinsu?"

Na ce e.

Dattijon ya dafa ƙofar motar, muryarsa ƙasa ƙasa. "Alhaji, mota ba shi da laifi. Tun tuni na sani, bakina ne ya yi nauyi."

Ranar Baba bai ci abincin ba. A asibiti aka ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba ya dawowa, da an zo da wuri da an tsayar da shi da magani. Ya yi lodi biyu bayan nan, a na biyun ya kusa taka wata mai tallar masara a bakin hanya. Da ya dawo ya miƙa wa ƙaninsa makulli, bai sake zama bayan sitiyari ba. Shekara tara ya yi a zaure kafin ya rasu, kuma bai taɓa tayar mini da maganar ranar ba.

Dattijon yakan zo gaishe shi duk Lahadi bayan coci, har lokacin da rikici ya raba unguwannin garin nan, ya kwashe iyalinsa ya koma wani gefen. Ban san ko yana raye ba.

Yanzu in mota ta yi ciwo, na'ura ake jona mata ta faɗi laifinta nan take, ba ta jin nauyin kowa. Garejin ma ya zama shaguna. Na girmi Baba na wancan lokacin, amma har yau in na tuna yadda na ɗaga murya ina karanto masa lambobin nan, sai in ji da ma na yi shiru na ɗan lokaci, ya ƙara minti ɗaya yana direba.