Fayil ɗin Awon Ruwan Baba Gambo

Baba Gambo Mai Sanda ba ɗan boko ba ne, ko kunna kwamfuta bai iya ba, amma shekara ashirin da shida yana yi wa ofishinmu na lura da ruwan kogi aiki. Mutumin wani ƙauye ne a bayan Auyo, masunci ɗan masunci. Akwai sandar ƙarfe mai lambobi da aka kafa a cikin kogi, kullum da an idar da sallar Asuba sai ya tura kwalekwalensa ta cikin ciyawar kacalla, ya je ya duba inda ruwa ya kai, ya rubuta. Ƙarshen wata ya hau mashin ɗin haya ya kawo littafin Haɗeja.

Ni ne Sunusi, akawun da yake kawo wa. Aikina in zuba lambobin nan cikin babbar kwamfutar hedikwata, wadda ko ganinta ban taɓa yi ba, ta layi kawai muke shiga. Wuraren awo goma sha biyu ne a hannuna. Sha ɗaya samari ne ke turo nasu ta waya, kafin shayina ya huce na gama da su. Shi kuwa tsohon nan da ajami yake rubutu, da alƙalamin kara da tawadar da ya dafa da kansa, lambobinsa ma na Larabci. Ga shi ba ya tsayawa a lamba, sai ya ƙara da cewa ruwa ya yi ja, ko yau tsuntsaye sun tashi daga tsibiri. Ina tsokanarsa in ce, "Baba, awo aka ce ka kawo mana ko tafsiri?" Ya yi dariya ya ce boko ne ya cinye mini ido. Bai taɓa zuwa hannu rabbana ba, kullum da ƙullin busasshen kifi, wai a kai wa iyali.

Wani watan Yuli layi ya lalace mana kwana tara. Da ya dawo aiki ya taru, sai na jefa littafin Baba a durowa na ce gobe. To, kowa ya san goben malalaci. Wata ya zagayo, littafi ya zama biyu, ya zama biyar, abin ya koma yi mini kwarjini. Kifin dai ban fasa karɓa ba.

Maimakon in zauna in yi, sai wayon banza ya zo mini. A kwamfutar nan kowane fayil yana da mai shi, kuma mai shi ne ke faɗin wa zai iya karantawa, wa zai iya rubutu a ciki. Fayil ɗin Auyo da sunana yake. Na shiga na cire wa kowa izinin karantawa, na bar kaina ni kaɗai, don kada wani a hedikwata ya leƙa ya ga inda lambobi suka tsaya. Har da jin kaina gwani.

Wata goma sha huɗu babu wanda ya nema. Sai ga daminar da ruwa ya fasa ya shanye shinkafar mutanen Auyo ana saura mako uku a yanka. Hedikwata suka tashi neman awon wajen, fayil ya ƙi buɗuwa, suka bugo wa ogana, Malam Abdulmuhaimin. Ya leƙo ya tambaye ni. Wallahi ban shirya ƙaryar ba, bakina ne ya riga ni. Na ce tsohon ya daɗe ba ya kawowa, tsufa ya kama shi. Oga ya girgiza kai ya koma.

Cikin mako guda takardar sallamar Baba Gambo ta iso. Ba ɗan abin da ake ba shi ne abin ji ba. A ƙauyensu an fara cewa da Mai Sanda bai kwanta barci ba, da an san ruwa na tafe. Mutumin da ake tashi a ba shi wuri a masallaci, shi ne ya koma ana nuna shi da baki.

Ranar Talata da hantsi aka kira shi ya karɓi takardar. Ya zo da farar rigarsa ta Juma'a, ya zauna a benci ya sunkuyar da kai. A ranar kuma hedikwata suka aiko wata ma'aikaciyar kwamfuta, Malama Adila, ta duba abin da ya hana fayil buɗuwa. Ba ta da yawan magana. Ta zauna a kujerata, ta buga haruffa kaɗan, sai jerin fayiloli goma sha biyu ya fito a baƙin allo, kowanne da layinsa: izini, sunan mai shi, girma, da ranar da aka yi rubutun ƙarshe a ciki.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, zo ka gani."

Oga ya matso. Ta ɗora biro a kan allon ta nuna masa. Harafin r yana nufin a karanta, w a rubuta. Fayiloli sha ɗaya kowanne yana da r ta biyu, ta mutanen hedikwata. Na Auyo kaɗai, bayan r da w ɗina, sai gajerun layuka a jere kamar giɓi. Ranar rubutun ƙarshe Yulin bara. A tsakiyar layin kuma ga sunana ɓaro-ɓaro.

Oga ya ce, "To wa ya rufe shi?"

Ta ce, "Mai fayil ne ke iyawa, sai ko mu, kuma ba mu ba ne." Ta juyo ta dube ni. "Malam Sunusi, wanda ba a kawo wa komai ba, me zai ɓoye?"

Na so ƙasa ta tsage in shige. Ashe ƙofar kawai na rufe, allon da ke jikinta yana nan yana faɗa wa duk mai wucewa wanda ya rufe. Na jawo durowa na fito da littattafai goma sha huɗu na jera su a tebur.

Abin da oga ya faɗa mini ba zan maimaita ba, kuma na cancanci fiye da haka. Ya ɗauki takardar sallamar ya yage ta a gaban kowa, ya ba Baba haƙuri, ya ce zai je ƙauyen da kansa ya yi wa mai gari bayani. Duk wannan ya zo mini da sauƙi a kan shirun tsohon. Ya taso a hankali ya tsaya a bayan kujerar, yana kallon allon da bai iya karantawa ba.

Ya ce, "Sunusi, ɗana, wato duk waɗannan babu wanda ya shiga ciki?"

Na ce, "Babu, Baba."

"Har da na ranar da Barira ta rasu?"

Ban ma san ya yi rashin matarsa ba. Wata goma sha uku da rasuwarta, ban yi masa ta'aziyya ba, ashe ya rubuta a littafin Agusta, ni kuwa ban buɗe ba.

Ya ce, "Da na idar da salla na je na duba, na dawo aka yi mata sutura. Na ce kada mutanen Haɗeja su nema su rasa."

Malama Adila ta tashi daga kujerar ta ba ni wuri. Na zauna na kai hannu zan nemo littafin, sai Baba ya dafa shi.

Ya ce, "Bar shi, wannan na haddace. Sha bakwai ga wata, mita uku da ɗigo huɗu. Rubuta ina gani."