Sai Iya Mai Kitso Ta Ɗaura Kallabi

Lokacin da mijin Gwaggo ya rasu, Allah Ya jiƙansa, mutane sun shigo da addu'a da ban haƙuri. Iya Mai Kitso kuwa da mataji da kwalbar man gashi ta shigo. Ta zaunar da ita a tsakanin gwiwoyinta, ta tsefe kan da Gwaggo ta manta da shi tun kwanciyar marigayi, ta yi mata kitso mara zafi, ta tashi ta fita. Wannan kitson ne Gwaggo ke tunawa duk ranar da Iya ta kai ta maƙura.

Ƙofofin ɗakunansu na kallon juna. Iya ta tsufa a kan 'yar kujerarta ta katako, wadda ƙafarta ɗaya sai an sa mata guntun kwali. Da kitso ta raini 'yarta tilo, Auta, har ta zama ma'aikaciyar jinya, aure da aiki suka kai ta nesa. Abu biyu Iya ba ta taɓa yi ba a rayuwarta: sallamar mace da rabin kai, da tarbar baƙo ba shiri.

To, sai Auta ta aiko mata da waya mai shafawa, don su riƙa ganin juna, ta kuma ga jikarta da ba ta taɓa gani ba sai a hoto.

Da wayar ta yi ƙara, Iya za ta leƙa, ta ga fuskar Auta, ta dafe ƙirji. Sai ta jawo tsintsiya. Ta share tsakar ɗaki, ta gyara zanen gado, ta tura kwanuka ƙarƙashinsa, ta wanke man hannunta, ta canza zani, ta zauna gaban madubi tana ɗaurin kallabi. Har turare take fesawa. Kafin ta ce bismillah ta kai yatsa, wayar ta daɗe da yin shiru. Ita kuwa Auta ɗan hutun cin abinci ne kawai gare ta a asibiti, in ya wuce sai gobe.

"Yaya, turaren fa na mene ne?" in ji Gwaggo. "Waya ba ta da hanci."

"Ke dai ƙanwata, ido ma ba ta da shi? Ɗakina za ta shigo. In mijinta na gefe fa? Ya ga surukarsa kamar an ƙwato ta daga bakin kura?"

"To ki shirya tun kafin ta kira mana."

"In zauna da kwalliya ina jiran waya? Amarya ce ni?"

Gwaggo ta ja carbinta, ta yi istigfari, don abin da ya zo bakinta ba na faɗa wa babba ba ne.

Haka aka yi ta yi, har ranar da Auta ta turo saƙon murya, Iya ta kawo wa Gwaggo ta kunna mata. Auta na cewa, "Iya, in fushi kike da ni don na tafi na bar ki, ki faɗa mini. In kuma ba ki da lafiya kike ɓoyewa, ki ji tsoron Allah. Gobe zan sake kira. In ba ki ɗauka ba, na daina damun ki."

Iya ta ce, "Ji yarinya da rigima. Ni ina na ƙi ɗauka? Ita ce ba ta da haƙuri."

Washegari Gwaggo ta idar da sallar azahar, ta kawo kanta ɗakin Iya ta zauna kusa da wayar. Tana yin ƙara, Iya ta zabura ta nufi tsintsiya, kanta ba kallabi, furfura a tsaye. Gwaggo, wadda ba ta taɓa taɓa kayan wani ba izini ba, ta miƙa hannu ta shafa.

"Innalillahi! Kin kashe ni!" Iya ta faɗa bayan ƙofa.

"Gwaggo?" in ji Auta. "Ina Iyata? Me ya same ta?"

"Lafiyarta ƙalau, ta fi ni ƙarfi. Ga ta can bayan ƙofa, wai ba ta yi shara ba."

Auta ta rasa kuka za ta yi ko dariya. Ta jawo 'yarta gaban wayar. "Gaida kakarki, tana ɓuya."

Iya ta leƙo da ido ɗaya. Sai ga ta ta fito gaba ɗaya, tsintsiya a hannu, ta ƙwace wayar ta kai ta dab da hanci.

"Wa ya yi wa yarinyar nan wannan aika-aika a ka?"

"Ni ce, Iya."

"Ke? A gidana kika tashi? Tsagar nan kamar hanyar tururuwa! Juyo min ita. Ɗauko mataji. Ba daga nan ake farawa ba, daga ƙeya!"

Har hutun Auta ya ƙare, Iya na tsaye ba kallabi tana ba da umarni, yarinya na ƙyalƙyala dariya tana kiran ta mai farin gashi. Ko gaisuwa ba a yi ba.

Gwaggo ta ɗauka za a gode mata. Ina! Iya ta daina amsa mata sallama, ta bi maƙwabta tana cewa an tona mata asiri a gaban jika. Sai da aka kwana biyu ta turo ƙofar Gwaggo, wayar naɗe a gefen zani, fuska a murtuke.

"Ƙanwata, tunda ke ba kya jin kunya, ga aiki. In ta yi ƙara, ki ɗauka ki tsare min ita da gaisuwa. Ki tambayi mijinta, ki tambayi aiki, ki tambayi ruwan sama, har in ɗaura kallabi. Amma don Allah ki juya ta wajen bango, kada ta ga ƙarƙashin gado."