Laimar da Ta San Hanyar Gida Kaɗai

Shekarar da kafaɗata ta dama ta ƙi ɗaukar gorar tura kwalekwale, ƙanena ya zo zaurena ya ce in bar masa gonar shinkafata da ke hayin ruwa, ya riƙa nomawa yana kawo mini rabona. Ya ce wanda ba ya iya tura kwalekwale ba shi da abin yi a fadamar Haɗeja da damina. Gonar nan tun ina saurayi nake noma ta. Na ce ya ba ni mako guda.

Na taɓa gani a wayar surukina, wasu mutane a bakin teku, kowa da igiya a ƙugu, wata ƙatuwar laima a sama tana jan sa a kan ruwa. Su wasa suke yi. Ni kuwa na ce idan iska za ta ja ƙato don nishaɗi, ban ga abin da zai hana ta kai dattijo gonarsa ba.

Na bi abin daki-daki. Na farko, na farke buhunan taki shida na wanke. Na biyu, na kai wa tela ya haɗe su. Ya tambaye ni ko rumfa ce, na ce ya yi ɗinkinsa kawai. Na uku, na tsaga gora na yi wa laimar ƙashi. Na huɗu, na kwance igiyar shanyar uwargida. Wannan na huɗun shi ya sa ta biyo mu har bakin ruwa ranar gwaji.

Da hantsi ne. Iskar ba ta da ƙarfi, iyakarta ta ɗan kaɗa kan kacalla, ciyawar nan da ta cinye mana rabin fadama. Na shiga kwalekwale na matsa kamar taku goma, na ɗaura igiya a ƙugu, ƙanena ya ɗaga laimar ya saki. Ta tashi kuwa. Sai dai abu ɗaya ban sa a cikin tsarina ba: iskar daga hayin take busowa zuwa gaɓarmu. Laimar ta nufi gari, ta jawo ni a hankali ta kafe hancin kwalekwalen a cikin laka, daidai ƙafar ƙanena.

Ya ce, "Yaya, sannu da zuwa. Ya hanya? Ya ka baro shinkafar?"

Uwargida ta ce, "Malam, in an gama tafiyar a ba ni igiyata, wanki na jiƙe."

Na ce gwaji bai ƙare ba. Na sa ƙanena ya tura mu zuwa hayin, muka sake daga can. Laimar ta tashi, ta ja, kwalekwale ya ɗauki gudu, sai igiya ta yi sako-sako, laimar ta faɗo ruwa kamar jiƙaƙƙen zane. Sau uku haka, kowane karo sai mun koma gaɓar hayin mun shanya ta. A na ukun na gane. Iska mai rauni ba ta son a bi ta da sauri. Da zarar kwalekwale ya kusa kamo laimar, ba ta da abin ja, sai ta faɗi. Dole a riƙe shi ta baya. Na ɗaure bokitin kwashe ruwa a gindin kwalekwalen na jefa shi cikin ruwa.

Daga nan laimar ta tsaya a sama cak, igiya ta miƙe, muka kama tafiya. Ba zan ce da sauri ba. Wata saniyar makiyaya da ke ninƙaya ta zo ta wuce mu, ƙanena har ya yi mata a sauka lafiya. Amma gora tana kwance, babu wanda ya taɓa ta, har muka isa gaɓarmu gab da la'asar.

Ya ce, "To Yaya, dawowa dai ka iya. Zuwan fa?"

Na ce, "Zuwa naka ne. Gonarka ba tana maƙwabtaka da tawa ba? Ka ɗaura kwalekwalena a bayan naka."

Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ko don ya riƙa kallon dawowar ya yarda. Haka muka yi har girbi, kuma gonar tana hannuna har yau. Ranar da babu iska nakan zauna a kan kunya in jira shi ya gama. Igiyar shanya kuwa, sai sabuwa na kawo.