Ƙusar da Ta Rage a Allon Kawu Idi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ina tsakar gida ina tankaɗe da hantsi, sai Sa'ade 'yar Kawu Idi ta faɗo mini ba sallama. Yarinya ce mai tarbiyya, ba ta taɓa shigowa haka ba, don haka tun kafin ta buɗe baki na ajiye rariyar. Ta ce, "Yaya Rabi, an bugo waya daga Damagaram. Baba ya cika." Na zauna a kan turmi ina maimaita abin da Musulmi yake faɗa. Da hankalina ya dawo, abin da ya fara zo mini shi ne ɗana Habibu, wanda ya daɗe a Legas bai waiwayo gida ba, da kuma agogon Kawu da ke ɗaure a hannunsa.

Kawu Idi ƙanin mahaifiyata ne, kuma shi ya koyar da ni a lakwal kafin in wuce kolej. A gida Kawu nake ce masa, a aji Mushe, yadda muke kiran malaman boko a nan. Mutanen Matameye kuwa, manya da yara, Mushe Mai Agogo suka sani. Ya samu sunan ne saboda wani allon katako da ke jikin bangon ɗakinsa, an jera masa ƙusoshi, kowace ƙusa da tsohon agogon hannu a rataye. Ba ya sayen sabo. Sai wanda ya sha hannu, fuskarsa ta dushe, wani ma gilashinsa ya tsage. Yakan bi kasuwannin Damagaram da Kano da Maraɗi yana tonon tarkacen masu gyara, in ya samu wanda ya yi masa, ya kai wa dukawa su ɗinka masa sabon maɗauri na fata. Kullum bayan sallar asuba zai tsaya gaban allon ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana murɗa musu kai, yana kara kowanne a kunne.

Ban taɓa ɓoye masa ra'ayina ba. Na sha ce masa, "Kawu, hannu biyu Allah Ya ba mutum, kuma ɗaya ake ɗaura wa agogo. Wannan tari fa almubazzaranci ne." Sai ya yi dariya ya ce, "Rabi, ke tun kina aji kike wa'azi, har yau ba ki sauko daga mumbari ba." Har gobe ina kan ra'ayina cewa tara abin da ba a buƙata ba ɗabi'ar da zan koya wa 'ya'yana ba ce. Amma gaskiya ta wajaba a kan mai rai game da mamaci, kuma gaskiyar ita ce agogunan Kawu ba zaman ado suka yi a bango ba.

Tun muna lakwal ya fara. Akwai wani yaro a ajinmu da yake tahowa daga wajen Tsauni, kullum a makare. Sauran malamai bulala suke ba shi. Mushe Idi bai taɓa shi ba. Wata rana ya kwance agogon hannunsa ya ɗaura wa yaron, ya ce, "Daga gobe kai ne mai buga ƙararrawa. In ka makara, lakwal duka ta makara." Yaron nan bai sake latti ba har muka gama. Abin da Mushe yake yawan faɗa mana ke nan: yaro in ka ba shi tsoro zai ɓuya maka, in ka ba shi amana zai neme ka.

Da ya ajiye aiki sai ya mayar da wannan dabara kan samarin gari. Kowa ya san yadda Matameye take bayan kaka. Ana gama ɗaure dammuna, maza su kama hanyar Najeriya cin rani, wasu su dawo kafin shuka, wasu kuma birni ya haɗiye su, a bar tsofaffi da mata da gonaki. Duk saurayin da ya zo yi wa Kawu ban kwana, musamman wanda zai fara tafiya, sai ya kai shi gaban allon ya ce ya zaɓa. In ya zaɓa, Kawu ya ɗaura masa da kansa, ya ce, "Aro ne, ba kyauta ba. Ka dawo mini da shi kafin ruwan farko, kuma da hannunka. Ba na karɓar agogona a hannun direba." Bai taɓa rubuta sunan kowa ba. Na ce masa wata rana za a cinye shi. Ya ce, "In na rubuta, takarda ce za ta riƙe amanar. Ni so nake yaron ya riƙe."

Mahaifin Habibu ya rasu ya bar mana gona a kan hanyar Dungu, kuma Habibu ne namiji babba. Shekarar da ya ce zai tafi Legas, lokacin ne samarin garin nan suka rikice da yayin agogon masu nutso a teku. Manyan agoguna ne masu nauyi, da wani zobe mai juyawa a bakin fuskar, wanda aka ce masu shiga ƙarƙashin ruwa ke lissafa lokacinsu da shi. Samarinmu kuwa jabu suke sayowa daga Kano, su naɗe hannun riga har gwiwar hannu, ko gaisuwa za su yi sai sun karkato wuyan hannu don a gani. Yaron da bai taɓa ganin ruwan da ya wuce tafki ba, wai shi ne da agogon teku. Wannan ba wayewa ba ce, son a gani ne, kuma na faɗa wa iyayensu mata haka a bainar jama'a.

Kawu yana da irinsa guda ɗaya, na gaske, tsoho, mai baƙar fuska da lambobi masu haske a duhu. Wani tsohon ɗalibinsa da ya yi aiki a tashar jiragen ruwa ya kawo masa. Ni na raka Habibu ban kwana, kuma ina kallo idonsa bai sauka a kan komai ba sai shi.

Kawu ya ce, "Kai, mijin tsohuwa, teku za ka shiga?"

Habibu ya ce, "Kai da ka ajiye shi shekara da shekaru, tsoho, wane teku ka shiga? Ko randar matarka Inna?"

"Ni alwala nake yi da shi, ɗan nema. Kai fa?"

"Ni 'yan mata za su gani."

Na ce, "Habibu, a gabana?" Na juya na ce, "Kawu, kada ka ba shi wannan. Ka ba shi ƙarami mara ƙyalli, in dai lokaci yake son sani."

Kawu ya sauko da agogon kamar bai ji ni ba. Yana ɗaura masa yana cewa, "Wannan ba ya cin batir, ba a kuma murɗa shi. Da motsin hannun mai shi yake rayuwa. Ranar da ka koma zaman banza zai tsaya ya tona maka asiri." Sannan ya faɗa masa sharaɗin da yake faɗa wa kowa.

Ruwan farko ya sauka, Habibu bai zo ba. Damina ta wuce, wata ta sake wucewa. Ni da ƙannensa mata muka riƙa fama da gonar, rabinta ya koma saura. Waya yakan bugo jefi-jefi, in na fara magana ya ce layi ba kyau. Hotuna kuwa ba sa yankewa, ƙannensa ke nuna mini: ga shi jingine da motar da ba tasa ba, ga shi a bakin teku, ko yaushe hannun riga a naɗe, agogon nan a gaba kamar shi ne mai hoton.

Na ɗauki wayar na kai wa Kawu, raina a ɓace. Na ce, "Ga abin da agogonka ya mayar da shi."

Ya sa tabarau, ya sa Sa'ade ta buɗa masa hoton daidai wuyan hannu, ya daɗe yana dubawa. Ya ce, "Rabi, ke riga kike kallo, ni hannu nake kallo. Yaron nan ya rame, har ya ƙara matse maɗaurin. Yana jin yunwa, kuma bai sayar ba. Kin san abin da masu tara irin wannan za su ba shi a Legas? Muddin yana hannunsa, bai manta hanyar gida ba."

Na ce, "Sanin hanya ba ya nome gona."

Ya ce, "Haka ne." Bai yi mini gardama ba. Halinsa ke nan, ba ya ƙaryata mai gaskiya don ya kare ra'ayinsa, amma kuma ba ya sakin ra'ayin.

Ganina da shi na ƙarshe, ana shirin kai shi Damagaram ne a tsakiyar bazarar nan. Hannunsa ya yi rauni har ba ya iya murɗa agogunan, matarsa Inna Hadiza ke yi masa yana nuna mata daga kwance. Ya kira ni kusa ya ce, "In Habibu ya dawo, ki ba shi abinci kafin ki fara faɗa." Na ce na ɗauki alkawarin abinci, ban ɗauki na shiru ba. Ya yi murmushi ya ce wannan ma ya isa.

Abin da na gani a zaman makoki ba zan manta da shi ba. Rasuwar ta zo daidai lokacin da 'yan cin rani ke komowa, wasu kuma labarin ne ya taso su. Saurayi zai shigo ya yi gaisuwa, ya yi addu'a, sannan ya kwance agogo ya miƙa wa Inna Hadiza da hannu biyu. Daga Yauri, daga Tsauni, daga cikin gari. Ba wanda aka aika wa, domin ba wanda ya san sunayensu sai wanda ke kabari. Ƙusoshin allon suka riƙa cika, har ya zama saura guda ɗaya, kuma duk wanda ya shiga ɗakin ya san ta wa ce. Ni da nake yi wa 'ya'yan mutane faɗa a kan amana, ni ce nake zaune a gefen wannan ƙusa.

Malamin da zai raba gado ya ce ba zai fara ba sai dukiyar mamaci ta hallara. Na buga wa Habibu waya. Na ce, "Abin da ke hannunka yanzu ba na kakanka ba ne, na magada ne, har da marayu a ciki. Kowace rana ka ɗaura shi, haƙƙin wani ka ɗaura."

Ya ce, "Umma, zan ba direba ya kawo."

Inna Hadiza tana kusa, ta karɓi wayar. Mace ce mai sanyin magana, amma ranar muryarta ba ta yi rawa ba. Ta ce, "Habibu, mai shi bai taɓa karɓar agogo a hannun direba ba. Ni ma ba zan fara ba."

Ya iso da la'asar, ranar da hadari ya fara haɗuwa a gabas. Da ƙyar na gane shi. Babu rigunan hoto, sai 'yar jaka a kafaɗa da silifa. Gidan Kawu ya fara zuwa, ya durƙusa gaban Inna Hadiza. Ya kwance agogon, inda ya zauna a fatarsa ya yi fari fes kamar tabo. Inna ta ce, "Kai za ka rataye shi, ka san wurinsa." Ya tashi ya rataye.

Na cika alkawari. Na zuba masa tuwo, na zauna har ya cinye. Kafin in fara, shi ya riga ni. Ya ce kunya ce ta hana shi dawowa, domin bai tara komai ba, dako yake yi, hotunan duk ƙarya ne. Ya ce wani mai tara tsofaffin agoguna ya bi shi har inda yake kwana, ya yi masa tayin abin da zai saya masa moto, wato babur.

Na ce, "Me ya hana ka?"

Ya ce, "Ba nawa ba ne, Umma. Tsoho ya ce da hannuna."

Na yi masa faɗan da na tanada, ban rage komai ba, domin uwar da ta ga ɗanta ya yi ƙarya da hoto ta yi shiru ba ta yi masa gata ba. Amma a zuciyata na san wannan amsa ba ni kaɗai na koya masa ita ba.

An raba gado yadda shari'a ta ce, agogunan sun watsu a hannun magada. Kafin a raba, na shiga ɗakin na tarar agogon teku ya tsaya a kan ƙusarsa, tun da babu hannun da ke motsa shi. Habibu bai gani ba. Yana gonar hanyar Dungu tun da ruwa ya sauka, hannu ba agogo, yana shuka gefen da ya daɗe a saura.

Ya Allah, bawanKa Idi ya dawo gare Ka da abin da Ka ba shi aro. Ka karɓe shi da rahama, Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa kabari, Ka haskaka masa shi. Ka sa kowane yaro da ya komo ga iyayensa ta dalilinsa ya zama nauyi a mizaninsa. Ka ba Inna Hadiza da Sa'ade da sauran 'ya'yansa haƙuri, Ka tsare marayunsa, Ka haɗa kansu. Samarinmu da ke can nesa, waɗanda yanzu ba su da mai ɗaura musu agogo, Ka komo mana da su gida kafin shuka. Mu kuma, in tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin.