Ranar da Haladu Ya Goya 'Yarsa ta Fari

Duk wanda ya yi wayo a ƙasar Roni zamanin En'e ya san Haladu mai keke. In bai san fuskarsa ba, to ya san ƙarar ƙararrawarsa. Mutum ne dogo siriri, ba ya son yawan magana. Sana'arsa fatu. Yakan bi ƙauyuka da rugage ya sayi fatun awaki da na tumaki, ya ɗaure a kariyar kekensa ya kai Kazaure, ya dawo da gishiri da kananzir da saƙon jama'a. Wani sa'in har Babura yake kaiwa, ko ya nausa Gwiwa. Da jaki ya fara, irin na ubansa. Ranar da ya sayar da jakunansa biyu ya turo baƙin keke gida, kawunsa, wanda kowa ke kira Kawu, ya ce yaron nan ya zautu, wa ya taɓa hawan dutse a kan ƙarfe?

To, ya hau kuwa, shekara goma sha biyar yana hawa. Daga ƙauyensu zuwa Kazaure hanya biyu ce. Akwai gwadabe, wanda ke kewaye duwatsu, yashi ne zalla, mai keke sai ya yi rabin yini a kai. Akwai kuma ta cikin dutse, 'yar siririya tsakanin marke da kalgo, hawa biyu da gangare ɗaya. Gangaren Kuka ake ce masa, saboda wata bishiyar kuka da ke gefensa. Haladu ya san kowane dutse da kowace saiwa a hanyar nan, amma bai taɓa sauka gangaren a kan keke da kaya ba. Sauka yake ya tura, domin birkinsa na gaba ya daɗe da mutuwa, na baya kuwa wani yankin tsohuwar taya ne ya yanka ya sa.

Haladu yana da 'ya'ya huɗu. Uku yana wasa da su, ya ɗora su a sirdi ya zaga da su tsakar gida. Ta fari kuwa, Saude, ko kallon kirki bai taɓa yi mata ba. Ba ƙi ba ne, kunyar 'yar fari ce, kuma gidansu ba a wasa da ita. Tun da aka yaye ta take ɗakin Inno, mahaifiyarsa. Shekararta tara bai taɓa ɗaukarta ba, sunanta bai taɓa fita daga bakinsa ba. In dole ta kama, sai ya ce "yarinyar nan", ko "ta ɗakin Inno". In ya sayo alewa, Inno yake ba, ita ta san wadda ake nufi. Yana sonta, wallahi yana sonta fiye da sauran, amma da ya nuna gara ya yi tafiya tsirara a kasuwa.

Wata Talata da kaka, da hantsi, yana ƙofar gida yana ba keke iska, sai ya ji ihun matarsa Shatu. Ya shiga ya tarar an shimfiɗe Saude a tabarma. Ta je ɗebo itace gindin dutse, kububuwa ta sare ta a idon sawu. Ƙafar har ta fara kumbura.

Kawu ya ce, "A ɗaure ƙafar, a aika wajen mai maganin maciji na can ƙasar Gwiwa. Gobe yana nan."

Gobe! Haladu ya taɓa ganin wanda kububuwa ta sara. Kwana uku jini na tsattsafo masa ta dasashi da hanci, ana ta ɗura masa jiƙo, har ya cika. Ya kuma ga wani Bafulatani, Hamma, da aka kai ɗakin magani na En'e a Kazaure aka yi masa allura, yana nan yana kiwonsa. Malamin asibitin ya taɓa ce masa, mai sara irin wannan a kawo shi da wuri, kafin jinin ya tsinke.

Ya ce, "Kawu, Kazaure zan kai ta."

"Kai? A'a. Ka ba wani ya kai ta, ba ka jin kunya?"

Haba Kawu! Wa za a ba? Duk ƙauyen babu wanda ya iya zama a kan keke ko na taku goma. Haladu ya warware rawaninsa, ya durƙusa ya juya baya. Inno ce ta ɗauki yarinyar ta ɗora masa, ta zagaya rawanin sau uku ta ƙulle a ƙirjinsa, irin goyon mata. Ya fita bai dubi kowa ba.

A mararraba bai ko rage gudu ba, ya karkata hanyar dutse. Hawan farko a tsaye ya yi shi a kan feda, sarƙa na kuka, yarinyar na shessheƙa a bayansa tana kiran Inno. Kukan nan daɗinsa yake ji, domin mai kuka yana da rai. Hawa na biyu ya fi ƙarfin feda, ya sauka ya tura da gudu, tsakuwa na zamewa ƙarƙashin takalminsa. Da ya kai tudu sai ya ji wani ɗumi a wuyansa. Ya shafa, ya duba hannunsa. Jini ne, daga bakinta.

Ga Gangaren Kuka a gabansa, ya miƙe har ƙasa, dama dutse, hagu kwazazzabo. In ya tura a ƙasa yadda ya saba, lokaci zai tafi. In ya hau birkin ya tsinke, su biyu za a kwaso. Ya yi bisimilla ya hau.

Keken ya kwasa kamar an tunkuɗa shi. Ya matse birkin baya, ya ji ƙaurin roba, gudun bai ragu ba sai kaɗan. Rassan kalgo na marinsa a fuska. Ya kauce wa dutsen farko, ya kauce wa na biyu, saiwar kukar nan ta ɗaga su sama suka dira, haƙoransa suka haɗu. Ana cikin haka robar birkin ta fice. Sai ya zura diddigensa tsakanin ƙarfe da tayar baya ya danna, takalmin fata ya fara cinyewa, zafi ya isa nama, bai ɗaga ba. Da suka faɗa yashin rafin da ke ƙasa keken ya yi tangal-tangal, ya dafe da ƙafa ɗaya, Allah ya sa ba su kife ba.

A nan ya lura kukan ya tsaya. Kanta ya langaɓe a kafaɗarsa, yana lilo duk inda keken ya yi.

Ya ce, "Ke."

Shiru.

"Ke yarinyar nan, kina ji na?"

Shiru. Ga shi hanya ta shigo ƙauyen surukansa. Kullum tun daga nesa yake sauka a nan, ya tuɓe takalmi, ya tura keke har gindin durumin da surukinsa Malam Muhammadu Lawal ke zama, ya durƙusa ya gaishe shi. Yau ma tsohon yana nan, da dattawa kusan shida. Suka ga keke tafe ba ƙararrawa, da mutum a kai babu rawani, da goyo.

Haladu ya gan su sarai. Ya ji nauyin yarinyar yana ƙaruwa a bayansa, irin nauyin da ya sani a jikin mamaci. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba. Daidai gindin durumin, a gaban surukinsa, ya buɗe baki da dukan ƙarfinsa.

"Saude! Saude! Kada ki yi barci, Saude!"

Dattawa suka miƙe tsaye. Ya wuce su bai waiwaya ba, yana ta kira, muryarsa ta dishe. Sai can bayan gari ya ji 'yan yatsu sun motsa a haƙarƙarinsa, sun kama rigarsa. Bai daina kiran ba har ya hango ginin Kazaure. Saura kaɗan ya isa, tayar gaba ta taka tsidau ta sace, ya ƙarasa a kan ƙarfe, yana ƙara kamar ana jan garwa.

A ɗakin magani ƙullin Inno ya ƙi kwantuwa, gumi da jini sun ɗaure shi tam, sai da malamin asibiti ya sa almakashi. Aka shige da ita. Haladu ya zauna a bakin ƙofa. Kwana uku yana nan zaune, jinin na tsayawa yana dawowa, malamin ba ya ce masa komai sai "a yi ta addu'a".

Ran na huɗu da safe jinin ya tsaya. Ƙafar dai ba ta koma daidai ba, da ɗingishi Saude ta yi sauran rayuwarta. Haladu yana zaune a bakin ƙofar ɗakin, ya ba ta baya, ya tsoma tib ɗin keke a ƙwaryar ruwa yana neman hudar, sai ya ji muryarta ƙasa-ƙasa.

"Baba."

Bai juya ba. Ya ce, "Na'am."

"Na ji ka a hanya. Ashe ka san sunana."

Hannunsa ya tsaya a cikin ruwan. Hudar na nan tana ta fitar da kumfa a gabansa, amma ya daɗe bai gan ta ba.