Ɓarawon Wutar Batirina

Gara in faɗa da bakina tun kafin waɗanda suka san zancen su riga ni: wawan wannan labari ni ne. Kuma ba ƙaramin wawa ba, wawa mai aji uku na firamare, wanda duk gidanmu na Agege shi ake kawo wa wasiƙa ya karanta.

Lokacin kuɗin man fetur ya fara shigowa, kowa na sayen abin da zai yi ƙara a ɗakinsa. Ni ina harkar fatu a mayanka, na sayi rediyo da ƙwan fitila guda, da tsohon batirin babbar mota, domin ba a jawo wuta layinmu ba tukuna. In ya mutu sai in ɗora shi a baro zuwa Ogba, wurin wani Bayarabe mai caji. Da farko yakan yi mini kwana goma. Sai ya koma bakwai.

Mai hankali zai ce batir ya tsufa. Ni kuwa mai ilimi ne, na ce sata ake yi.

Katako ne kawai ya raba ɗakina da na wani mutumin Nijar, mai gadin wani shago a Iyana Ipaja. Yana dawowa da safe daidai lokacin da nake fita, ya wuni shi kaɗai a gidan. Mutum ne marar magana, in ya gaishe ka ya ce "Mushe, ina kwana," wato Malam da Faransancinsu, ya gama na ranar. Shirun nan nasa ya fara damuna. Na duba katakon na ga wata 'yar huda wadda waya za ta iya bi. Na ce to, ga hanya.

Sai na shiga awo. Na taɓa ganin direbobi suna ɗaukar guntun waya su goga a kawuna biyu na batir, tartsatsi ya tashi, su ce da rai. Na mai da abin ilimi. Tartsatsi shuɗi mai ƙara, batir cike yake. Ja mai sanyi, an taɓa. Ina gwadawa kafin in fita, in gwada da na dawo. Daga baya na ga ɓarawo na iya shammatata a tsakani, sai na riƙa baro fatu a hannun abokan aiki ina leƙowa gida. Bayan kowace salla ma sai na goga, wani lokaci sau uku a jere don in tabbatar. Na barbaɗa toka a bakin ƙofa, ban ga sawun kowa ba sai na kaza. Wannan ya ƙara nuna mini gwanintar mutumin.

Batir ya koma kwana biyar, ya koma uku. Na lura duk sanda na tsananta tsaro, satar ƙaruwa take. Na ce lallai ya gane ina sa ido, shi ya sa yake gaggawa.

Na kai ƙara wurin maigidanmu, dattijon dillalin shanu wanda ya ba mu ɗakunan. Ya ce, "Malam, sata ba ƙaramar kalma ba ce. In ta tabbata, ranar Juma'a zai kwashe tabarmarsa, kuma ka san babu gidan Bahaushe a Agege da zai karɓi wanda na kora." Aka kira mai gadi. Ya ce shi ko rediyo ba shi da ita. Na ce ai ɓarawon kirki ba ya ajiye kayan aiki a fili.

Ranar Alhamis da hantsi na ɗauko Bayaraben nan daga Ogba ya zo ya ba da shaida. Ya zo da wani bututun gilashi mai roba a kai da yake zuƙo ruwan batir da shi, da agogo mai allura. Mutanen gida suka taru a tsakar gida. Ya haɗa agogon, ya kunna rediyo da fitila, allura ta ɗan motsa kaɗan. Ya ce da Hausarsa ta kasuwa, "Wannan ba ya ci wuta sosai. Oga, kai yaya ka sani an sata?"

Abin da nake jira ke nan. Na zaro wayata daga aljihu, na gyara tsayuwa, na goga. Tartsatsi ya tashi fat.

Bayaraben ya dafe kai. Ya sunkuya ya duba kawunan batirin, duk sun ciccinye sun yi baƙi kamar gindin tukunya.

"Sau nawa kana yi wannan?"

"A wuni? Bai fi goma sha biyar ba. Tsaro ai sai da naci."

Ya ce kowace goga ɗaya tana kwasar wutar da rediyo zai daɗe yana sha, kuma da tartsatsin ya haɗu da iskar da batir ke fitarwa, da yanzu ba ni da gira. Na buɗe baki zan kawo zancen hudar katako, domin har lokacin ban sallama ba.

Mai gadi ya riga ni.

"Mushe, na daɗe ina gadi, na ga ɓarayi iri-iri. Amma wanda zai yi sata, ya kai ƙara, sannan ya tafi har Ogba ya ɗauko mai shaida a kansa, yau na fara gani."